Daminar da Baba Ya Jira Mai Makulli

Ruwan bana ya sauka da nauyi. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo Panshekara ba, shanya ta ƙi bushewa, bangon ɗakin Baba ya jiƙe har gwiwa. A cikin wannan marka ce 'yata Nusaiba ta shigo gida tana tsalle, wai makarantarsu za ta kai su Zariya su ga jami'a, a tafi da safe a dawo da yamma, kuɗin motar ma bai taka kara ya karya ba. Na ce mata Allah ya kai mu. Daga nan na juya na ci gaba da wanke tukunyar da na riga na wanke.

Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin ƙofa. Yanar ido ta rufe masa gani shekaru ke nan, amma kunne garau yake.

"Wace mota za ku shiga, amarya?" ya tambayi jikar tasa.

"Ta haya ce, tsoho. Ina ruwanka, ko bin mu za ka yi?"

Bai rama ba. Baban da ba a taɓa kayar da shi a wasan jika ba, sai ya koma murza carbinsa. Na san inda hankalinsa ya tafi, domin nawa ma can ya nufa.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a sakandare, Baba direban bas ɗin ma'aikata ne a wata masaƙa a Chalawa. Malam Idi Direba, duk unguwa ta san shi. Da asuba zai kwaso masu aikin safe daga Ɗorayi da Panshekara, da yamma ya kwaso masu aikin dare, ya mayar da na safe gidajensu. Mu 'ya'yan ma'aikata ba da agogo muka tashi ba, da jiniyar kamfani muka tashi. Da ita ake ɗora tukunya, da ita ake sauke ta. Matan unguwarmu kuma suna da tasu hanyar sanin lafiyar masaƙa, wato kwatar da ta ratsa bayan gidajenmu. In ruwan kwata ya zo shuɗi ko ja, ana rini ke nan, injuna na aiki, albashi zai fito. In ya zo da launin laka kawai, sai ka ga mata sun tsaya a kansa jugum-jugum kamar masu zaman makoki.

A waccan damina ruwan kwata ya fi zuwa da launin laka. Wuta ba ta zama, baƙin man da ake hura tukunyar kamfani da shi ya yi wuya, atamfar waje ta cika kasuwa tana arha. Masaƙun Sharaɗa da na Bompai suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa a Chalawa yana shafa wa gemunsa ruwa. Aka mayar da ma'aikata rabin albashi. A gidanmu nama ya yi mana sallama tun kafin ruwa ya sauka, manja ya bi shi, daga baya har albasa ta zama baƙuwa. Inna takan aike mu mu tsinko tafasa da rama a filin da ke bayan kamfanin fatu, inda wari ke bin mutum har cikin maƙogwaro, a wanke a dafa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Itace jiƙaƙƙe, sai hayaƙi, kalanzir kuwa sai an bi layi. Da rana garin kwaki, da dare tuwon masara da miyar kuka mai ruwa-ruwa. Ban manta yadda yunwar damina take ba. Ko'ina kore shar, masara ta yi goyo a gonakin mutane, amma cikinka yana kuka.

Kowa ya san masaƙarmu ma ba za ta ga kaka da rai ba. Abin da ya rage wa ma'aikata su tsare shi ne yadda za su fita. Wanda ya kai ranar rufewa ba shi da laifi, sallamarsa za a yi, a ba shi haƙƙinsa na shekarun da ya yi. Wanda aka kama da laifi kafin ranar, kora ce, ya fita da rigar jikinsa. Su kuwa manyan kamfani, duk wanda suka kora sauƙi ne a gare su, don haka ido suka zuba. An kori wani saboda gyangyaɗi, an kori wani don ƙyallen da bai kai tafin hannu ba. Baba ya haura shekara ashirin a kan sitiyarin nan. Kullum in ya dawo sai Inna ta ce, "Malam, a dai bi a hankali." Shi kuma ya ce, "Ai ko tari ba na yi a bakin get."

Haƙƙin nan na Baba an riga an yi masa gida tun bai zo ba. Wata rana ina tankaɗe na ji yana gaya wa Inna: "In suka ba mu, na Hansatu ne. Yarinyar nan tana da kai. Zariya za ta." Ban ɗago ba, amma rariya ta kusa suɓuce mini.

To akwai wata al'ada tun zamanin da masaƙa ke da rai. Sau ɗaya a shekara kamfani yakan ba makarantarmu aron bas, tunda yawancinmu 'ya'yan ma'aikatansu ne. Mai kawai za mu zuba, shi ya sa tafiyar take da araha, har ɗan leburan da ke share auduga yana iya zuwa. Sharaɗi ɗaya ne: mota ta sauke masu aikin safe, ta kai mu, ta dawo ta kwashi masu aikin dare kafin jiniyar yamma. Tsakanin jiniya da jiniya muke ganin duniya.

Malam Yohanna, malaminmu na kimiyya, shi ya bi takardar har ta fito a waccan shekara. Mutumin kudancin Kaduna ne, siriri, takalminsa ɗaya tun muna aji ɗaya. Makarantarmu ba ta da na'urar nan da ake leƙawa a ga ƙananan abubuwa sun yi girma, don haka shekara da shekaru a allo yake zana mana ita, ya zana abin da ya ce za mu gani a ciki, mu kwafa mu haddace. Ya yi mana alkawarin a Zariya za mu leƙa ta gaske. Shugaban direbobi ya so ya hana, da ya ga takarda ta fito sai ya ja Baba gefe ya ce masa, "Idi, bana ba bara ba ce. Ana idar da azahar ka tayar da mota, ko da rabin yaran ne a ciki."

Ranar tafiya gari ya waye da hadari mara ruwa. Inna ta ƙulla mini gari da ƙuli a leda. Muka shiga mota tana ɗumin jikin iyayenmu, kujeru duk ɓurɓushin auduga, ga warin sitati da rini. Ba wanda ya raba mana wuri, kowa ya nufi kujerar da ubansa ke zama, don a motar nan kowane ma'aikaci da wurinsa. Ni kuwa 'yar direba, na zauna a kan murfin inji kusa da Baba, yana gasa ni ina jin daɗi. Muka wuce Kura, muka wuce Kwanar Ɗangora, gonakin shinkafa da na rake suna gudu a tagar mota. Yara suna waƙa, suna tsokanar Baba wai motarsa ta girmi kakanninsu. Ya ce, "Ku yi a hankali, tana ji. In ta yi fushi ku za ku tura."

Da hantsi muka shiga jami'a. Ban taɓa ganin bishiyoyi masu yawa haka a wuri ɗaya ba, ga tituna a share, ga iska ba wari. Abin da ya fi tsaya mini shi ne 'yan mata rungume da littattafai suna tafiya abinsu, ba wanda ya aike su, ba wanda ke jiran su dawo da cefane. Baba ya ajiye mota a ƙarƙashin wata bishiyar maina. Na ce ya zo mu shiga tare, ya girgiza kai. Doka ce, direba ba ya barin motar kamfani ita kaɗai, kar a zare batir ko a zuƙe mai, kuma an daɗe da soke aikin yaron mota.

"Je ki gano mana," ya ce.

Muka zaga. Ɗakin karatu ba a shiga sai da kati. Babban ɗakin lacca ana jarrabawa. Ɗakin gwaje-gwajen da muka zo dominsa a kulle, wai mai makulli ya kai matarsa asibiti cikin gari, yanzu zai dawo. Muka zauna a baranda muka ci guzurinmu. Yanzun nan ta yi ta tsawo har aka kira azahar. Da muka idar Malam Yohanna ya tattara mu, fuskarsa kamar ya yi kuka, ya ce mu koma mota.

Baba ya riga ya tayar da inji. Ina hawa ya dube ni.

"Me kuka gani?"

"Ƙofa, Baba."

"Ƙofa kuma?"

"A rufe take. Mun dai leƙa ta taga, amma an saki labule."

Ya dubi yaran ta madubi. Waƙa ta mutu, kowa ya koma kujerar ubansa. Ya dubi sama ta gilashi, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ya daɗe hannunsa a kan giya. Sai kawai na ji inji ya mutu.

Malam Yohanna ya matso da sauri. "Malam Idi, don Allah ku tayar. Ƙanina yana aikin dare a masaƙar nan, na san abin da ake ciki. Ni na ɗauki alkawari, ni zan ba su haƙuri."

"Malam, iyayen yaran nan rabin albashi suke ɗauka, suka cire daga bakinsu suka zuba mai. In koma in ce musu labule na kai 'ya'yansu su gani?"

"Shekara mai zuwa ma rana ce."

"Shekara mai zuwa babu motar, kai ma ka sani. Wannan ce ta ƙarshe." Ya gyara hula. "A jira mutumin nan kaɗan. Na san hanyar, in na taka ta za mu isa."

Na so in ce wani abu, amma a gidanmu ba a saka baki in manya na magana. Gaskiya kuma ina son in gani. Zuciyata ta rabu biyu, rabi tana roƙon ya tayar, rabi tana roƙon ƙofar ta buɗe.

Mai makulli ya iso gab da la'asar, a kan keke, yana ta ba da haƙuri. Mutumin kirki ne, bai ko huta ba ya buɗe, ya yaye rigar na'ura guda biyu. Ya ɗauko albasa a aljihun tebur, ya ɓare ta, ya zare wata fata siririya daga cikinta, ya shimfiɗa a kan gilashi ya ɗiga mata wani ruwa. Muka yi layi. Malam Yohanna yana tsaye yana cewa, "Leƙa ka wuce, leƙa ki wuce."

Da layi ya zo kaina na runtse ido ɗaya na leƙa. Da farko haske kawai. Sai mutumin ya murza wani abu, sai ga su. Ɗakuna ne ƙanana a jere, bango na jikin bango, irin gidajen hayar ma'aikata na bayan layinmu, kowane ɗaki da ɗigo guda a zaune a cikinsa. Abin da na yi shekaru ina kwafa daga allo ashe da gaske yana nan, a cikin albasar da ake yankawa a zubar da ɓawonta. Numfashi uku ban yi ba aka taɓa kafaɗata. Na matsa, na ba na bayana wuri.

Baba ya taka mota kamar yadda ya ce. Tsohuwar bas ɗin nan ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, har muka fara sa rai. Muna dab da Kwanar Ɗangora sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, abin share gilashi guda ɗaya ke aiki, rufin mota yana yoyo a kan kujeru. Ga wata tirela ta kwanta a tsakiyar titi, motoci sun yi layi ba iyaka. Baba ya kashe inji don kar mai ya ƙare, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. A nan muke aka yi magariba. Ba mu ji jiniya ba, tana da nisa, amma duk wanda ke cikin motar nan ya san lokacin da ta yi kuka. Wata yarinya a baya ta fara shessheƙa, ba wanda ya hana ta.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Masu aikin dare sun tsaya a bakin titi cikin ruwa, wasu suka taka da ƙafa, wasu suka koma gida. An hura tukunyar kamfani da ɗan baƙin man da aka samo da ƙyar, ta yi ta ci babu masu aiki. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Washegari Baba ya je da safe, kafin hantsi ya dawo a ƙasa, riƙe da butarsa da dardumar sallar da ke zama a bayan kujerar direba.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zuba masa ruwa ya wanke ƙafa. Can ta dube ni ta ce, "Ke, wai me aka gani ne a Zariyar?"

"Albasa, Inna."

Ta ajiye butar. Sannan ta ce, "Malam, da ka gaya mini albasa za a je gani, ai da na aro guda a maƙota." Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ranar ba a ɗora tukunya ba sai bayan la'asar.

Malam Yohanna ya yi sintiri a bakin get ɗin kamfani har takalmin nan nasa ya buɗe baki. Iyayen yara suka haɗu suka je roƙo. Aka ce bakin alƙalami ya bushe. Masaƙa ta rufe bayan an yanke gero, aka sallami kowa da haƙƙinsa, ban da Baba da sauran korarru. Abokan Baba wasu suka sayi babur, wasu suka koma Jigawa noma, wani ya buɗe shago. Ruwan kwata bai sake canza launi ba, mata suka daina tsayawa a kansa.

Jarrabawa ta fito, na ci, har da kimiyyar. Na zana ɗakunan nan a takarda ba tare da na tuna allo ba. Amma Zariya ba da sakamako kaɗai ake zuwanta ba. Baba ya yi direban haya na ɗan lokaci, da ido ya fara ba shi matsala ya koma gadin wani kangon kamfani a Bompai, yana tsaron injunan da tsatsa ke ci. Ni kuma na samu aiki a kamfanin roba a Sharaɗa, ina kankare bakin bokiti, a can na yi shekaru har na yi aure. Wani lokaci nakan ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Jiran da ya yi don in ga wurin, shi ya cinye kuɗin da zai kai ni wurin. Ya san haka, na san ya sani, kuma ba mu taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya.

Abu guda kawai yake tambayata. In ya ji ƙamshin albasa a madafi, wani lokaci sai ya kira ni. "Hansatu, ɗakunan nan, kika ce a jere suke?" In ce a jere, Baba. "Kowanne da mutum ɗaya a ciki?" In ce ɗigo ne, ba mutum ba. Ya ce to ai duk ɗaya ne. Haka muka yi ta yi har Inna ta rasu, har na ɗauko shi ya dawo wurina.

Su Nusaiba sun tafi ranar Asabar. Yanzu ba motar kamfani, ƙananan bas ne na haya suke jeruwa a bakin makaranta, kowane yaro da waya a hannu. Tun kafin la'asar sai ga ta ta dawo, ta jefar da jaka tana ƙunƙuni.

"Umma, wallahi asarar kuɗi. Ko'ina a kulle, wai mai makulli ba ya nan. Direban kuma sai hon yake, wai yana da lodin yamma. Hoto kawai muka ɗauka a bakin get."

Ina madafi ina jin ta. Daga bakin ƙofarsa Baba ya ce, "Direban nan yana da hankali. Da alama yana da iyali."

Ruwa yana ɗiga daga indararo. Can ya ce, "Zo nan, amarya, in gaya miki abin da ke cikin ɗakin da ba a buɗe muku ba." Ta je ta zauna a gefen buzu. Ya kwashe labarin kaf ya ba ta, yadda ake zare fatar albasa, yadda ake ɗiga ruwa, yadda haske ke fara zuwa kafin a murza, ɗakuna a jere, bango na jikin bango. Bai bar komai ba, har da abin da ni na manta na taɓa gaya masa. Wanda bai sani ba sai ya rantse shi ya leƙa.

Nusaiba ta yi dariya. "Haba tsoho, wannan ai yana cikin waya." Ta ɗan latsa, ta miƙa masa. "Ga shi nan, kalli."

Na fito daga madafi da wuƙa a hannu na tsaya. Baba ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya kai ta dab da idonsa, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen hasken ƙofa, ya sake kusanto da ita har tana taɓa girarsa. Ya daɗe a haka.

"Haske kawai nake gani," ya ce.

"Bari in ƙara maka girmansa."

"A'a, bar shi." Ya lalubo hannunta ya saka mata wayar, ya mayar da bayansa jikin bango. "Uwarki ta gani da idonta."